Wasa buƙata ce, sabon abin wasa kuwa sha'awa

Sannu 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara huɗu komai ya gani sai ya faɗi yana birgima, kina tsoron in kin hana kin tauye shi, in kin bayar kin sangarta shi.

Abin da renon nawa yaran ya koya mini shi ne, sau da yawa abin da yaro ke nunawa da yatsa daban, abin da ke damunsa daban. Ƙaramina da yamma ta yi sai ya maƙale mini, lallai sai waya. Na lura yana kukan yana murza ido da bayan hannu, kunnuwansa sun yi ja. Barci ne! Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Da na matso da lokacin kwanciyarsa, rigimar yamma ta ragu sosai, ba tare da na ƙara sayo komai ba.

Don haka kafin ki ce e ko a'a, ki duba: ya ci? Ya yi barci? Jikinsa lafiya? Yau kin zauna da shi kuwa, ko tun safe "matsa can" yake ji? Wannan na ƙarshen mu iyaye mun fi raina shi, alhali kulawa buƙata ce kamar ci da sha. Haka wasa ma, har yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta sanya shi cikin haƙƙoƙinsu. Amma sabuwar motar roba da ya gani a hannun wani yaro, sha'awa ce kawai. Ki ba shi kwali da murfin robobi ki ga yadda zai shagala.

Sha'awa ba laifi ba ce, wani lokaci ki cika masa. Sai dai ba lokacin da yake birgima ba, don in kuka ya yi aiki yau, gobe da shi zai fara. Ki durƙusa ki ce, "Na san kana so, amma ba yau ba," ki bar shi ya huce a kusa da ke.

Jariri ban da shi a wannan lissafi, kukansa a amsa masa nan take. Kuma ku haɗa baki da babansa, don in ke kin hana, shi kuma ya bayar, yaron zai gane ƙofar da ake bi.