Tambaya da Amsa: Adaftar VPN Ta Daina Aiki, Shin Dole Sai Farmata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Shara Mansur cikin Makka, ina aiki da wani kamfanin hidimar masu Umra, kuma idan aiki ya taru nakan ƙarasa shi a gida ta manhajar VPN da ofis suka ba mu, wadda ke haɗa kwamfutata da ofis ta hanya mai tsaro. Makon jiya ɗan yayana ya ce zai rage mini tarkacen da ya cika kwamfutar, sai ya goge wasu jakunkuna, har da na wata tsohuwar VPN da na daina amfani da ita. Tun ranar, ta ofis ta ƙi haɗuwa. Na duba jerin na'urori, na ga wani abu mai suna TAP-Windows Adapter V9 ɗauke da alama mai ruwan ɗorawa da lamba 31, alhali shafukan intanet suna buɗewa lafiya. Mai gyara ya ce ba makawa sai farmata. Windows 11 ce, kuma da Larabci take. Ko akwai wata hanya? Daga mai karatu, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da maganar farmata tukuna, domin wanke kwamfuta kakaf saboda wannan matsala tamkar rushe ɗaki ne don makulli ya ɓata. Da ka ce shafuka suna buɗewa, ka riga ka ba mu rabin amsar: katin Wi-Fi na ainihi, wanda ke cikin jikin kwamfutar, lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya tsaya ba ƙarfe ba ne, kuma da za a kwance kwamfutar gunduwa-gunduwa ba za a same shi ba. Adaftar kwaikwayo ce, wato manhaja ce da ke shiga rigar katin sadarwa, Windows ta ba ta adireshi kamar kowane kati, sannan VPN ta riƙa karɓar bayananka ta wannan ƙofa, ta kulle su, ta miƙa wa katin gaske ya fita da su. Wannan mai suna TAP daga aikin OpenVPN ta fito, kuma manhajojin VPN da dama ita suke ɗorawa, shi ya sa biyu kan yi tarayya a kan direba ɗaya. Direba kuwa shi ne abin da masu gyara a nan Saudiyya suke kira ta'arif. Lamba 31 tana nufin Windows ta san da na'urar amma ta kasa loda direbanta. Abin da ya fi kusa a zatona shi ne, goge jaka da hannu ya tafi da wasu fayiloli ya bar sunansu a rajistar Windows, don haka take ta kiran wanda ba ya gida. Kada ka yi wa yaron faɗa sosai, taimako ya nufa, sai dai ka nuna masa cewa manhaja cire ta ake yi ta hanyarta.

Tunda manhaja ce ta kawo adaftar, ita ce kuma za ta dawo da ita. Kafin ka taɓa komai, ka kwafe takardun aikinka a filashi, ka rubuta kalmar sirrin Wi-Fi na gida a takarda, sannan ka karɓi sabon fayil ɗin girka VPN daga ma'aikacin kwamfutar ofishinku tare da bayanan shiga. Bayan haka ka je saituna, sashen manhajoji, ka cire duk wata VPN da ka gani, tsohuwar da ta ofis, ko da tsohuwar ta yi ƙorafin cewa ba ta ga fayilolinta ba.

Daga nan ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta devmgmt.msc, umarnin da ke aiki ko da wane harshe kwamfutar take. Zai buɗe maka Idaratul Ajhiza, wato jerin na'urori (Device Manager). A saman shafin, ƙarƙashin Ard (View), ka zaɓi a nuna ɓoyayyun na'urori, sannan ka buɗe Muhawwilatush Shabaka, wato sashen adaftocin sadarwa. Kana iya ganin TAP fiye da ɗaya, wasu da lamba 2 ko 3 a ƙarshen suna, wasu launinsu ya dushe, duk ragowar girke-girken baya ne. Ka danna kowacce da maɓallin dama ka cire ta, kuma idan ƙaramin akwati ya fito yana tambayar ko a cire direban ma, ka sa masa alama.

A nan nake roƙonka ka nutsu ƙwarai. Wannan alamar ta adaftar TAP ce kaɗai. Duk wanda ka ga sunan Intel, Realtek, Qualcomm ko MediaTek a jikinsa, katinka ne na gaske, kuma idan ka cire direbansa kana iya wayar gari babu intanet ɗin da za ka sauko da wani. Waɗanda suka fara da WAN Miniport da kuma Microsoft Wi-Fi Direct na Windows ne kanta, ka bar su yadda ka same su.

Ka kashe kwamfutar ka sake kunna ta, sannan ka danna fayil ɗin ofis da maɓallin dama ka zaɓi tashgil ka mas'ul, wato ka girka da ikon mai kula, domin Windows ba ta yarda a ɗora direba ba tare da wannan iko ba. Idan ta nemi izinin girka direban, ka amince. Galibi a nan zance yake ƙarewa.

Idan alamar nan mai ruwan ɗorawa ta dawo, saura mataki mai ɗan nauyi, wanda Microsoft ta ƙara tun Windows 10 a 2016, sunansa I'adatu Ta'ayinish Shabaka (Network reset), yana cikin saitunan sadarwa na ci gaba. Yakan cire dukkan adaftocin ya mayar da saitunansu kamar sababbi, kwamfutar ta sake kunna kanta bayan minti 5, kuma za ta manta da duk Wi-Fi da ta sani, dalilin takardar da na ce ka rubuta ke nan. Bayansa sai ka sake girka VPN ɗin.

Ka kuma lura ko lambar ta canja. Idan ta koma 39, a Windows 11 sau da yawa kariyar da ake kira amincin ƙwaƙwalwa (Memory integrity) ce ta hana tsohon direba shiga. Za ka ji masu cewa a kashe kariyar, ni ban goyi bayan haka ba ga kwamfutar da ke ɗauke da hotunan fasfo na alhazai, gara ofis su ba ka sabon samfurin manhajar. Haka nan ka guji manhajojin da ke tallar cewa za su sabunta maka dukkan ta'arifat da dannawa ɗaya, domin ba su san wane samfuri VPN ɗinku ke buƙata ba, wasunsu ma da talla da ƙwayar cuta suke zuwa.

In duk wannan bai yi ba, ka ɗauki hoton saƙon da lambar da wayarka ka kai wa ma'aikacin ofis, ya duba kundin da manhajar ke rubuta kurakuranta. Idan har ta kai ga shagon gyara, ka fara kwashe takardun alhazai daga kwamfutar kafin ta bar hannunka. Allah Ya sa a dace, kuma ka rubuto mana yadda ta kaya.