Ku Tambayi Likita: Wai naman kaza na narke kitsen hanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, ina gaisuwa da fatan an wuni lahiya. Maigidana ne anka yi ma eko, wato hoton ciki, watan jiya saboda wani nauyi da yake ji ƙarƙashin haƙarƙarinshi na dama, sai anka ce kitse ne ya kwanta mishi a hanta, wai ya rage maiƙo da sukari ya riƙa tahiya a ƙasa. To shi mai shago ne a babbar kasuwa, tun sahe yana zaune har magariba, shayi ba ya yankewa, da dare kuma sai balangu. Yanzu cikin gurup ɗinmu na mata a WhatsApp anka turo wata murya wai naman kaza, wanda ƴan lakwal ke ce ma shamfiyon, yana wanke kitsen hanta tas cikin sati uku, har akwai mai saida garinshi a kwalba. Ga shi damina ta zauna yara na tsinto shi bayan gida. Don Allah gaskiya ne? In dafa mishi wanda yara ke kawowa ko in sai garin? Daga wata uwargida, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba maigida lahiya. Bari in fara da ƙarshen tambayarki don shi ya fi tada min hankali. Wanda yara ke tsintowa bayan gida, don Allah don Annabi kar ya shiga tukunyarki. Lemar kwaɗi iri-iri ce, wata abinci ce wata guba ce, kuma da ido suna kama sosai. Akwai wata fara mai faɗi da ke fitowa cikin ciyawa bayan ruwa a ƙasashe masu zafi, in ta tsufa ƙarƙashinta ya yi kore-kore, amai da zawo take sa wa mai tsanani. Mafi muni ita ce wadda ake kira Amanita phalloides, a Turai ta fi yawa amma tana da ƴan uwa a wurare da dama, gubarta hanta take nufa kai tsaye, dafuwa ba ta kashe ta, shanya ba ta kashe ta, kuma abin tsoron shi ne mutum zai ci ya yi awa 6 har 24 lahiya lau sannan ciki ya ɓaci, daga nan ya ɗan ji sauƙi kwana ɗaya kowa ya ce alhamdulillahi ya wuce, alhali hantar ce ke mutuwa a ciki, sai ido ya yi rawaya. Mai kitse a hanta ai shi ne na ƙarshen wanda ya kamata ya yi wannan kasada. In yaro ya ci a kai shi asibiti nan take tare da ragowar abin, kar a tsaya ba shi madara ana jira.

To yanzu wanda ake nomawa don ci. Shi kam abinci ne mai kyau, ba ni da ja. Kusan kashi 90 cikin 100 nashi ruwa ne, giram 100 na farin nan da ake sa wa a gwangwani kuzarin da ke ciki wajen kalori 22 ne, maiƙo bai kai rabin giram ba, babu kolestero (wani irin kitse da ke cikin jini) ko kaɗan, ga shi in an dafa yana da tauna da ɗanɗano kamar nama, ina ganin shi ya sa Bahaushe ya raɗa mishi wannan suna. Babban amfaninshi ke nan, mutum ya ci ya ƙoshi bai loda ma hanta kaya ba.

Akwai kuma wani abu cikinshi mai suna beta-gulukan, irin dusar abinci ce da ciki ba ya narkarwa. Kin san hanta da kolestero take haɗa ruwan matsarmama ta zuba shi a hanji don a narke maiƙo, in ya gama aiki jiki ya sake tsotse mafi yawanshi ya maida mata. Irin wannan dusa in ta ji ruwa tana yauƙi, sai ta riƙe wani kaso na ruwan ɗacin ya fita tare da bayan gida, dole hanta ta jawo wani kolestero daga jini ta haɗa sabo. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanji su ma suna cin dusar su fidda sinadaran da jini ke kai ma hanta. Nau'in da ake ce ma fulerot, mai kama da kunne, har yana da ɗan lobastatin, sinadarin da ke rage ma hanta haɗa kolestero wanda anka amince da shi a matsayin magani a Amurka a 1987, sai dai na cikin naman kaza kaɗan ne kuma yawanshi na bambanta daga noma zuwa noma.

Inda masu muryar WhatsApp ke wuce gona da iri shi ne, mafi yawan gwajin da ya nuna kitsen hanta ya ragu kan ɓeraye anka yi shi, ana zuba musu garin da yawa cikin abinci kullum. Wanda anka yi kan mutane kaɗan ne, mahalartan ba su da yawa, sakamakon wani ya nuna ɗan ragi a kitsen jini wani bai nuna ba. Maganar sati uku tallar mai kaya ce. Garin kwalba da ba lamba ba sunan wanda ya haɗa, ni ban yarda mai ciwon hanta ya sha ba, duk abin da ya shiga baki ita ce ke tace shi.

Abin da anka tabbatar yana fidda kitse daga hanta shi ne rage nauyi, kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, a hankali. In maigida kilo 90 ne, kilo 6 zuwa 9 ke nan cikin watanni. Kuma ni shayin nan ya fi damuna bisa balangun. Ki tsaya wata rana ki ga mai dafa shayi yana juye sukari cikin ƴar buta, kofi guda cur, a sha na ɗaya na biyu na uku, an jima a sake ɗora wani, ga lemun kwalba da rana. Rabin sukarin nan hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi mata yawa kitse take maida shi ta aje. Mutane da yawa na mamaki wai su ba sa cin kitse, ina sunka samo shi, to ga inda ya fito.

In kin samu naman kaza na noma ki raba naman miya biyu ki cike rabin da shi. Ki kula yana shan mai kamar soso, ki fara sa shi cikin kasko ba mai, ruwanshi zai fito ya tsotse ya yi ja-ja sannan ki ɗiga mai cokali ɗaya. Na gwangwani ki zubar da ruwan ki ɗauraye, gishiri ne jibge. In ba ki samu ba ko ya yi tsada kar ki damu kanki, wake da kuɓewa da zogalen Jiratawa da gero da ba a surfe shi ƙal ba duk suna da dusa, kuma a bakin ƙofa suke.

Abu ɗaya da ban gani cikin wasiƙarki ba, an yi mishi gwajin epatit B, wato ƙwayar cutar da ke kama hanta? Ciwon ya yi yawa a ƙasashenmu kuma yana iya shekaru shiru, in ya haɗu da kitse ko da gyaɗa da masara masu fumfuna hanta na shan wuya ninki biyu. Ku je ku yi gwajin ku biyu, a duba sukarin jininshi ma a ranar, wanda ba shi da cutar cikinku a yi mishi allurar rigakafi.