Hukuncin ɗaukaka ƙara kan diyyar rauni a wurin aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aiki a wani kamfanin roba a Kano, inji ya datse mini yatsu biyu na hannun dama. An yanke mini diyya, amma bayan likita ya duba ni sai jijiyar hannun ta ƙara mutuwa, yanzu ko cokali ba na iya riƙewa. Ina son ɗaukaka ƙara, sai wani ɗalibin ilimi ya ce zuwa kotun da ba ta Musulunci ba kai hukunci ne ga ɗagutu. Abokina kuma ya ce zai samo likitan da zai rubuta cewa hannun ya shanye gaba ɗaya. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Karɓar kuɗin halal ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, ba daga aljihunka ake cira ba, don haka bai shiga saɓanin malamai kan inshorar kasuwanci ba. Neman haƙƙi kuma ba ya warware tawakkali.

Maganarka cewa hannun ya ƙara lalacewa bayan an duba ka, a kanta hukuncin ya rataya. Waɗanda suka yanke maka sun yi hukunci da abin da suka gani a ranar, yau kuwa hali ya canja. Neman a sake dubawa ya halatta, kuma Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa.

Shi kuwa ɗalibin nan, Allah ya shirye mu da shi, ya ɗauko aya ya aza ta inda ba gurbinta ba. Ayar Suratun Nisa'i da ta ambaci kai hukunci ga ɗagutu tana zargin waɗanda hukuncin Manzon Allah (SAW) ke gabansu, suka juya masa baya da son ransu suka nufi wani. Kai wace kotun Musulunci ka bari? Tsarin mulkin Nijeriya ya keɓe shari'un ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ko ka je kotun shari'a ta unguwarku, alƙalin zai ce maka ba huruminsa ba ne. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarkin Habasha, ya kare kansa da sauran sahabbai a ƙasar da ba a hukunci da Musulunci, ba wanda ya zarge shi. Da za a bi fatawar wannan yaro, duk leburan Musulmi da inji ya nakasa sai ya koma gida ya rungume hannu, wanda ba Musulmi ba ya karɓi nasa. Shari'a ba ta zo don ta tauye mabiyanta ba. Sharaɗin kawai shi ne ka nemi abin da yake naka, kada ka ƙara, kuma in lauya ya so ya cusa kuɗin ruwa a cikin buƙatunka, ka hana shi. Ban da haka ma, matakin farko ba kotu ba ne: takarda za ka rubuta wa hukumar NSITF kanta ta sake nazari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar abokinka. Wannan shaidar zur ce, in an ba likitan wani abu kuma ta haɗu da cin hanci, kuma duk abin da ya ƙaru ta wannan hanya haram ne ko da alƙali ya buga hatimi. Kana da gaskiya a hannu, me zai kai ka gauraya ta da ƙarya? Je wurin likitan ƙashi ko na jijiya a asibitin gwamnati, ya gwada hannun, ya rubuta abin da ya gani.

Kada ka yi nawa, ɗan'uwa. Kwana 180 doka ta ba ka daga ranar da aka yanke hukuncin, in ya wuce dama ta kuɓuce. Adana kwafin kowace takarda, kuma kada ka sa hannu ko ka dangwala a kan wadda ba a karanta maka ba. In kuɗin ya fito, cire jari tukuna kafin 'yan taya murna su cika zaure, domin da wuya wannan hannun ya koma kan inji.

Allah ne mafi sani.