Tambaya da Amsa: Garin Jamus da Ganuwarsa Ke Tsaye Har Yau

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ga hoton wani gari na Jamus mai ganuwa a Facebook, wai shi Rothenburg. A ina yake, kuma yaya aka yi ganuwarsu ta kawo yau, alhali tamu ta Sakkwato ta shafe, sai ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke ake tunawa da ita? Daga wata malamar makaranta, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Cikakken sunan garin Rothenburg ob der Tauber, yana kan tudu a saman kogin Tauber, a jihar Bavariya ta kudancin Jamus, yamma da birnin Nurnbag, kuma mazaunansa ba su wuce kimanin dubu 11 ba.

A shekarar 1274 Sarki Rudolf na Jamus ya ba garin 'yancin tafiyar da harkokinsa, ya bunƙasa da fatauci har ya shiga sahun manyan garuruwan daular Jamusawa ta wancan zamani. Wani dogon yaƙi da aka yi a Turai, wanda ake kira Yaƙin Shekara Talatin, shi ne ya karya shi, domin a 1631 rundunar Janar Tilly ta ci garin, annoba ta biyo baya, arziki ya ƙaura. Wannan talaucin shi ya kare tsofaffin gine-ginen, tunda babu mai kuɗin da zai rushe tsoho ya gina sabo.

Gaskiya ne ganuwarsu ta dutse ce, tamu kuwa, wadda aka fara a zamanin Muhammadu Bello, ta ƙasa ce mai neman yaɓe bayan kowace damina. Amma a ganina dutse kaɗai bai isa bayani ba. Ranar 31 ga Maris 1945 jiragen Amurka suka yi wa garin ruwan bama-bamai, kusan kashi 40 cikin ɗari na tsohon garin ya rushe, har da wani sashe na ganuwar. Bayan yaƙi mutanen garin suka sake gina shi bisa tsohon fasalinsa, suka nemi gudunmawa daga ciki da wajen ƙasar, kuma duk wanda ya ɗauki nauyin gyaran wani yanki na ganuwar aka rubuta sunansa a jikinta. Har yanzu mai bin saman ganuwar yana karanta sunayen, ciki har da na mutanen Japan da Amurka.

A yau wani babban kaso na abincin garin daga baƙi masu yawon buɗe ido yake fitowa, shi ya sa hukuma ba ta barin mai gida a cikin ganuwa ya sauya fuskar gininsa sai da izini.