Adon farce a gida: lalle ko jan farce?

'Yar'uwa, kin ce kina son yi wa farcenki ado da kanki kafin bikin ƙawarki, ba sai kin bi layin mai lalle ba. Ni dai lalle zan ce miki, don jan farce na kwalba yana hana ruwan alwala taɓa farce, sai dai ki bari sai kina fashin salla.

Ki sayo garin lalle a Kasuwar Kurmi, ki tankaɗe shi da kyau, ki kwaɓa da ruwan lemon tsami da ɗan sukari, ki rufe ya kwana. Sirrin yana wurin salatef: ki yanka shi siri-siri da reza, ki manna a farcen yadda kike son zanen, sannan ki ɗora lallen. Inda salatef ya rufe zai fito fari tas. Ɗigo-ɗigo kuwa tsinken sakace ya ishe ki.

Ki bar shi awa 3 ko 4. Na taɓa yin gaggawa, ya fito fayau kamar ruwan lemo. Kuma ki zaɓi zanen da kike so sosai, don lallen farce ba ya goguwa, sai farcen ya tsiro kin yanke.