Za mu kai yara Ain Harra: wa zai shiga ruwan, wa zai tsaya a gefe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Jidda, maigida ya ce idan an yi hutun makaranta za mu je maɓulɓular ruwan zafi ta Ain Harra da ke yankin Lis. Yarana uku: mai shekara 7, mai shekara 3, da jinjira 'yar wata 8. Surukata ta ce a tsoma su duka, wai ruwan maganin ƙaiƙayi ne. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ku je, wuri ne mai kyau, amma ba duka ukun ne za su shiga ba.

Lis na kudu da Jidda da kimanin kilomita 200 a kan hanyar gaɓar teku, daga nan kuma a ratsa a nufi wajen duwatsu. A bakin idon ruwan zafinsa ya haura digiri 70, har ƙwai ana dafawa a ciki. Ruwa mai digiri 60 kawai yana saɓule fatar babban mutum cikin daƙiƙa 5 ko makamancin haka, ta yaro kuwa ta fi laushi, kafin ki ce "fito" aikin gama ya gama. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne ruwan ba ya tafasa. Yana kwance garau, idan rana ta ɗaga ko tururi ba a gani sosai, sai yaro ya ɗauka kududdufi ne ya zura ƙafa. Don haka ku shimfiɗa tabarma nesa da idon ruwan da 'yan magudanan da ke fita daga cikinsa, kuma a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin riƙe mai shekara 3. Yaron da aka ce "kowa na kallonsa" shi ne wanda ba mai kallo.

Ki sayi ma'aunin zafin ruwan wankan jarirai a kantin magani kafin ku tashi. Gwaji da tafin hannu ba ya isa, hannun da ya saba da tukunya ba ya jin zafi. Idan babu ma'auni, gwiwar hannu za ki tsoma.

Mai shekara 7 zai iya shiga inda ruwan ya huce zuwa digiri 37 ko 38, iyaka ƙirji, minti 10, ya fito ya sha ruwa. Duk inda ya kai 40 ba na yara ba ne. Mai shekara 3 ki ɗebo masa a baho, ki bari ya huce, ya yi wasa a gabanki. Jinjira kuwa ba za ta shiga ba ko kaɗan: jikinta na ɗaukar zafi da sauri, ba ta iya fitar da shi ta gumi kamar babba, ga shi ba ta da bakin cewa ta gaji. Surukarki ta yi haƙuri. Gaskiya ne ruwan na ɗauke da ma'adinai irin su farar wuta, kuma ɗuminsa na sassauta ciwon gaɓoɓi, amma ƙaiƙayin jariri likita ake kai wa. Fatar da ta riga ta tsage ma ƙara raɗaɗi take yi a irin wannan ruwa.

Kada kowa ya nutsa kai ko ya yi tsalle ya faɗa. Akwai wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwan ɗumi, ta hanci take bi ta kai ga ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake samunta ba, amma tana kisa. Idan cikin mako biyu bayan dawowa yaro ya tashi da matsanancin ciwon kai, zazzaɓi, amai ko sanƙarewar wuya, asibiti nan take, kuma ki gaya musu inda kuka je. Shan ruwan ma a bar shi.

Idan tsautsayi ya gitta aka ƙone: cire rigar da ta jiƙe in ba ta manne ba, a dinga zuba ruwa mai sanyi-sanyi na minti 20. Shi ya sa za ku riƙo jarka biyu ban da na sha. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai ko man shanu, kuma kada a fasa bororo. A lulluɓe wurin da ledar naɗe abinci mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta fuska, hannu ko al'aura, ta asibiti ce. Motar agaji 997 ake kira.

Lokacin zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, da sassafe ko bayan la'asar. Idan kun ga hadari a kan duwatsu ku bar cikin kwari, ambaliya na saukowa ko da ba a yi yayyafi a inda kuke ba. Yara su sa takalmi mai kama ƙafa saboda santsin gansakuka, silifas ba ya riƙewa. Ki kuma cire zobenki na azurfa ki bar shi a jaka, farar wuta baƙi take mayar da shi.