Mujalla ta ce lambar tasirinta 7.842 ce, in biya su buga min?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramar malama ce a jami'a nan Damagaram, ina haɗa dosiyena na CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashenmu, don neman ƙarin matsayi. Shekara 2 na yi ina zirga-zirga ƙauyukan Mirriya, ina bincike kan matan da mazajensu suka rasu, yadda dangin miji ke karɓe gonar bayan mace ta sha wahalar raya gawo a cikinta. Maƙalar ta kammalu, na aika wa wata mujalla, yau wata 7 ke nan shiru. Makon jiya sai ga imel daga wata mujallar daban, ta ce lambar tasirinta 7.842 ce, za ta buga min cikin kwana 10 in na biya yuro 150. Wani babba a sashenmu ya ce in biya kawai, kowa haka yake yi, ai lambar ake dubawa. Kuɗin suna da yawa a wurina, kuma ina tsoron shekarar nan ta wuce ni. Ko barci ba na samu. In biya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki biya, ko dala ɗaya. Yuro 150 kusan jika 100 ne, kuma asarar kuɗin ita ce mafi sauƙi cikin abin da zai same ki. Wannan tsoron da ya hana ki barci shi ne jarin mutanen da suka turo miki saƙon. Sun san akwai malami a Damagaram, a Maraɗi, a Wagadugu, da ke ƙirga kwanakin rufe karɓar dosiye, shi suke farauta.

Lambar tasiri, wato ma'aunin yawan ambaton da ake yi wa maƙalun mujalla, ta gaskiyar kamfani ɗaya ne ke fitar da ita a duniya, Clarivate, sau ɗaya a shekara, wajen watan Yuni, kuma mujallun da ke cikin rumbunsa na Web of Science kaɗai ke samunta. Tun 2023 kamfanin ya koma rubuta ta da lamba ɗaya bayan ɗigo, kamar 0.8 ko 2.1. Ke kuma an aiko miki da uku bayan ɗigo. Wannan kaɗai ya isa ki ja baya. Irin waɗannan lambobi sayen su ake yi. Akwai shafukan intanet da ba su da sana'a sai wannan: mujalla ta biya, su ba ta tambari mai launin zinariya da lambar da ta ga dama, su raɗa masa suna mai kama da na gaskiya. Kamar mai awo ne a kasuwar Dole ya ƙera tiyarsa a gida, ya ce da ita za a auna masa.

Bincikawa ba ta kai minti 10 ba, in akwai wuta da intanet. Ki ɗauki lambar ISSN ta mujallar ki saka a jerin Master Journal List na Clarivate, kyauta ne. Ki duba jerin mujallun Scopus, wani babban rumbun irin Web of Science. Ki duba DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, ki duba AJOL, dandalin mujallun Afirka. In kin same ta, kada ki tsaya nan, ki gwada adireshin shafin da ke cikin jerin da wanda ke cikin imel ɗinki, harafi bayan harafi, domin ƴan damfara suna satar sunan mujalla ta gari su buɗe shafi irin nata. Kuma don Allah a daina nuna min ISSN da DOI, wato lambar da ake ba maƙala don a same ta a intanet, a matsayin shaida. ISSN lambar rajista ce kawai, kamar lambar da ke bayan babur. Babur ɗin sata ma yana da lamba. Haka fitowa a Google Scholar, injin kwasowa yake yi, ba ya tantancewa.

Sai maganar kwana 10. Ke da kanki kin san yadda bita take. Edita ya karanta, ya nemi masana biyu da suka san harkar gonaki da gado a Sahel, ɗaya ya ce ba shi da lokaci, a nemi wani, su karanta, su dawo miki da tambayoyin da za su ɓata miki rai kwana uku kafin ki gane gaskiyarsu. Wannan ba ya yiwuwa a kwana 10. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi cike da kurakuran da ɗalibin shekarar farko zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin OMICS tarar da ta haura dalar Amurka miliyan 50 saboda yaudarar marubuta kan bita da kuɗin bugawa. Ba sabon abu ba ne, mu ne dai har yanzu muke faɗawa.

Ba zan manta da wani matashi da ya shigo ofishina da azahar ba, ana tsakiyar zafin Afrilu, yana murmushi, riƙe da takardar shaidar buga maƙalarsa a irin wannan mujalla, mai hatimi, da ya sa aka lulluɓe masa da roba. Na ce ya ba ni maƙalar kanta. A shafi na 6, ƙarƙashin jadawali na biyu, ga rubutun malamin da ya duba masa aiki nan daram, da Faransanci, yana cewa a cike wannan wuri. An buga shi haka. Babu mahaluƙin da ya karanta maƙalar nan tsakanin ranar da ya aika da ranar da ta fito. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya rubuta wa masu mujallar su cire, suka nemi wasu kuɗin, ya ƙi, suka daina amsawa. Aikin shekara uku ne a kan rijiyoyi da masu garuwa, aiki mai kyau, kuma babu mujallar kirki da za ta karɓi abin da aka riga aka buga. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fitar da shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai, wato maganar babban nan na sashenku, cewa lambar ake dubawa. Kullum sai na ji ta, daga bakin mutanen da ya kamata su fi kowa sani. A ce ma lambar ta gaskiya ce, me take aunawa? Eugene Garfield ne ya kawo tunanin a 1955, aka fara fitar da rahoton shekara-shekara a 1975, kuma babban amfaninta a lokacin shi ne masu kula da ɗakunan karatu su san wace mujalla za su saya. Lissafin ba boyayye ba ne: a ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga cikin shekaru 2 da suka wuce, a raba da yawan maƙalun. Matsakaici ne na mujalla gaba ɗaya. Ba ta san sunanki ba, ba ta karanta shafi ɗaya na aikinki ba.

Shi kuwa matsakaici, ki ɗauki ƙauye mai gida 50, gida ɗaya na Alhaji mai shanu 200, sauran ko akuya sai an nema. A takarda kowane gida yana da shanu 4. Je ki ki faɗa wa matar da ke daka tsaki da safe cewa tana da shanu 4. Haka ambato yake a mujallu. Wani masani ɗan Norwe, Per Seglen, ya nuna a 1997 cewa kashi 15 cikin 100 na maƙalun mujalla su ke kwashe rabin ambaton, sauran suna rakiya ne. To don me za a auna malami da arzikin maƙwabcinsa na shafi?

Ga kuma zaluncin da ke ciki ga irin aikinmu. Shekara 2 ɗin da ake ƙirga ambato a cikinta ta dace da fannin da ake fitar da sakamako kowane wata daga ɗakin gwaji. Bincike kan gado da gonaki yakan yi shekara 5 kafin wani ya zo ya ɗora a kansa. Rumbun da ake ƙirgawa a ciki mafi yawansa Ingilishi ne, mu kuma da Faransanci muke rubutu, da Hausa muke tambaya. Ɗalibin Yamai da ya ambace ki a kundin digirinsa ba ya shiga lissafi. Ma'aikacin gandun daji da ya karanta ki ya sauya yadda yake sasanta rikici ba ya shiga lissafi. Sakamakon haka matasanmu suke barin tambayar da ke gaban gidansu su bi wadda za ta burge edita a Landan. Masana da kansu sun gaji, shi ya sa a 2012 suka tsara sanarwar DORA a San Faransisko, wadda ta ce a daina amfani da lambar mujalla wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma ko raba kuɗin bincike, a karanta aikin mutum. Dubban masana da cibiyoyi sun sa hannu. Amma karantawa na cin lokaci, ƙirgawa kuwa ko magatakarda zai yi, shi ya sa ofisoshi ke son lamba.

Ki duba gawon da kike bincike a kai. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka rubuta rahoto kan yadda manoman Magariya, Matameye da Mirriya suka raya itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tsiro da sassabe mai kyau, a fili da ya kai kimanin hekta miliyan 1. Rahoto ne, ba shi da lambar tasiri ko ɗaya, amma yana cikin ayyukan da suka sa duniya ta waiwayo ta ga abin da talakan Damagaram ya yi da hannunsa. Haka jerin binciken da cibiyar LASDEL ta Yamai ke sakawa kyauta a intanet kan asibitoci, kotuna da mulkin ƙauyuka. Wanda ya san Nijar ya san nauyinsu.

Ba ina cewa ki yi watsi da dosiyenki ba, ke ma kina da iyali, kuma ƙarin matsayi haƙƙinki ne. Ki sauke jagorar tantancewa ta CAMES, wadda ake aiki da ita yanzu, ki karanta sashen kwamitin fanninki da idonki. Kada ki dogara da an ce, domin jita-jitar baranda ta kashe dosiye da yawa. Masu tantancewa suna duba ko mujalla na da kwamitin bita na gaske da kuma wane rumbu ya san da ita, kuma malamai ne irinmu, imel ɗin nan yana zuwa musu su ma, sun san kamanninsa. Dosiye ya jira shekara ɗaya ya fi ya shiga da tabo.

Mujallar farko kuwa, wata 7 ya isa ki yi magana. Ki rubuta wa edita gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, da lambar maƙalar, ki tambayi inda aka kwana. In mako 3 suka wuce babu amsa, ki sake rubutawa ki ce kin janye, ki adana kwafi. Kada ki kuskura ki aika wuri biyu lokaci ɗaya. Wuraren zuwa suna nan. Cahiers Agricultures da Bois et Forêts des Tropiques suna karɓar Faransanci, ba sa karɓar kuɗin marubuci, kuma manyan rumbuna sun san su. Akwai VertigO a dandalin OpenEdition, akwai Africa Development ta CODESRIA a Dakar. In za ki iya da Ingilishi, Local Environment ta Taylor & Francis aikinta ke nan, adalci da ɗorewar muhalli a matakin gari da ƙauye. Wasu mujallun kirki suna karɓar kuɗi, gaskiya ne, amma farashin yana rubuce a shafinsu tun farko, ana biya bayan an gama bita, kuma da yawa suna yafe wa marubutan ƙasashe irin Nijar in an nema.

Ƙanwata, matan nan da suka zaunar da ke a tabarma, suka ba ki fura, suka faɗa miki abin da ba su iya faɗa a gaban maigari ba, amana suka ba ki. Ba su buɗe miki cikinsu don ki kai shi shafin da babu mai karantawa, wanda gobe zai iya ɓacewa in mai shi ya daina biyan kuɗin intanet ba. Wanda ya sayi bugun maƙala ya sa a dosiye, ya ci albashin matsayin da bai kai ba, sai ya tambayi kansa halaccin abin da yake kai wa ƴaƴansa. Babban da ke tura na ƙasa da shi wannan hanya kuma nasa ya fi nauyi, domin ɗalibai suna kallo, kuma abin da suka gani shi za su yi. Ina faɗa da zafi ne don na ga yadda abin ke yaɗuwa a sashe, daga mutum ɗaya zuwa kowa, har mai aikin gaskiya ya koma ana ce masa mai jinkiri.

Kafin maƙalar ta fito, ki taƙaita sakamakon a shafi 2, ɗaya da Faransanci ɗaya da Hausa, ba tare da sunan kowace mace ba. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira COFO, kuma su ke rubuta takardun shaidar gona. Ki kai wa na Mirriya da hannunki, ki nemi sakatarensa ki zauna da shi. Ki nemi rabin awa a rediyon karkara. Sannan ki koma ƙauyukan ranar da ba kasuwa, bayan la'asar lokacin da mata suka sauke aiki, ki karanta musu abin da kika rubuta, ki ji inda za su ce ba haka muka faɗa ba. Ki gyara shi kafin ki mayar wa edita.